Tafkin Kawu da Bangon Mma Damata

Maamobi, Accra
Ranar Talata

Zuwa ga Kawu Jibirilu,

Assalamu alaikum. Kawu, ina gaisuwa da ladabi. Yaya ido? Yaya baƙunta? Ɗan baffanka Malam Hakim ya aiko saƙo cewa an yi aikin idon dama lafiya, kuma kun koma ƙauye bayan Zariya kana hutawa a gidansa. Mun yi hamdala. Tunda waya ba ta shiga garin, kuma ko ta shiga kunnenka ba ya ɗaukar magana a cikinta, zan riƙa rubutawa a takarda in ɗauki hoto in tura masa, ya karanta maka duk ranar da ya fita kasuwa ya samu sabis.

Mma mahaifiyata tana gaishe ka daga Nima, ta ce in ce maka ɗan'uwa ba ya tafiya haka ba sallama. Gida lafiya. Ina kwana a ɗakin baƙi kamar yadda ka ce, da safe in tafi shagon ɗinki a Kawukudi, da yamma in dawo. Sanatu 'yar haya tana nan da sayar da sobolonta, wato zoɓo, firiza ba ta hutawa. Maƙwabciyarka Mma Damata tana tambayarka kullum ta kan katanga, ta ce tunda ka tafi babu mai yi mata tsiya kan kokonta ya yi tsami.

Tafkin kifinka na tsakar gida ina kula da shi. Ina ba su abinci safe da yamma, karfasan har sun san takuna. Abu ɗaya ne zan faɗa maka: ruwa ya sauka paa a kwanakin nan, har duwatsun bakin tafki sun canza kala. Injin da ke cikin ruwan ma ya canza murya. Ban san ko haka yake yi ba. Me zan yi?

Allah ya ƙara sauƙi, ya dawo mana da kai lafiya.

'Yarka,
Sherifa

*

Bayan Zariya
Ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Sherifa,

Wa alaikumus salam. Hakim ne ke rubutawa, ni ke faɗa. Ido da sauƙi, amma har yanzu a ɗaure yake, na hagun kuma kin san dama hazo yake gani. Likita ya ce sai wannan ya warke za a taɓa ɗayan. Ina zaune a zaure kamar buhu, ana kawo min fura ana kai ni alwala. Ki gaida mahaifiyarki Zenabu, ki ce mata na yi laifi. Damata kuma ki ce mata kokon Zariya ya fi nata, ki tsaya nesa kafin ki faɗa.

Na ji daɗin labarin ruwa. Ban zaci damina za ta leƙo Accra da wuri haka ba, nan ko hadari babu. Tunda ruwa ya sauka, kada ki ƙara wa tafkin komai daga tankin roba, ki bar na tankin don girki da wanka. Ruwan sama ya fi wa kifi daɗi. Muryar inji kuwa kada ta dame ki, in tafki ya cika ƙararsa takan yi ƙasa.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne wanda na faɗa ranar tafiya: kada ki taɓa injin nan, kada ki bar kowa ya taɓa. Shi ke ɗaga ruwa ya zubo ta kan duwatsu, da haka kifin ke samun iska. Bara wani ɗan haya ya yi min karambani da shi, sai da na kai injin jinya wurin masu gyara a Abossey Okai.

Hakim yana dariyar Hausarki, ya ce wai mene ne "paa". Na ce masa ya zo Zango ya koya.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Jibirilu

*

Maamobi
Ranar Lahadi

Kawu,

Salamu alaikum. Ina fatan ido na ƙara sauƙi. Mu nan jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Kawu, ba ruwan sama nake nufi ba. Ko ɗigo ba a yi ba, rana ce kamar wuta. Ruwan tafkin ne ya yi ƙasa. Da na karanta wasiƙarka sai da na zauna a bakin ƙofa, don na ga ba ka fahimce ni ba, kuma laifin bakina ne.

Ka san layin shuɗin tayil da ruwa ke tsayawa a kai? Yanzu ya bar shi da fiye da tsawon hannuna. Kan injin ya fito fili. Yana jan iska yana wani irin kuka kamar mai shaƙewa, ruwan da ke zubowa kan duwatsu ya koma tsiyaya. Na saɓa maganarka, na ɗebi ruwan tanki na zuba har bayana ya ƙage. Washegari ya koma inda yake. Famfon unguwa kuma bai kawo ba tun makon jiya, kowa da galan a hannu. Na san rana tana shan ruwa, amma ba irin wannan shan ba. Wani wuri yake tafiya.

Jiya Mma Damata ta kira ni ɗakinta, wanda bangonsa ya haɗu da katangarka ta bayan tafki. Ta ce, "Sherifa, taɓa nan." Bangon ya jiƙe daga ƙasa har gwiwa, fenti yana saɓulewa kamar fatar dafaffen tumatir. Ta ce ɗakin yana warin rijiya. Na ce mata ko gota ce. Ta kalle ni ta ce, "Gota tana gaban gida, 'yar nan."

Akwai wanda ya fi wannan. Da safen nan na tarar da kyanwar Sanatu a bakin tafki, ta miƙe ta sandare, bakinta a jiƙe, babu rauni ko ɗaya. Ni ma da na tsoma bokiti na ji wani abu ya cije ni daga yatsu har gwiwar hannu, na saki bokitin. Kifi da yawa sun taso ciki sama. Matan layi sun fara cewa aljanu ne suka tare a ruwan tunda maigidan ba ya nan, wata ma ta kawo min turare. Ni ina jin wutar lantarki ce, amma ban sani ba.

Wayar injin ta bi ta taga ta shiga ɗakinka, ɗakin kuma a kulle, mukulli yana wurinka. Ka ce kada in taɓa. Kawu, ka ba ni izini, ko ka faɗa min wanda zan kira.

Sherifa

*

Maamobi
Ranar Laraba

Kawu,

Salamu alaikum. Allah ya sa lafiya ce ta sa shiru. Hoton wasiƙata yana nan a wayar, alama ɗaya ce a kansa, bai isa wurin Malam Hakim ba. Na kira lambarsa har na gaji.

Na kashe wutar gidan gaba ɗaya daga mita shekaranjiya. Injin ya yi shiru, ni ma na samu numfashi. Amma ina shago Sanatu ta mayar, ta ce ƙanƙararta na narkewa, sobolo zai lalace, yaranta me za su ci. Na ce mata kyanwarki fa? Ta ce guba ta ci a bola. Mun yi musu har mutane suka taru. Ba na ganin laifinta sosai, amma yaranta a tsakar gidan nan suke wasa. Na jera benci da kwanukan wanki na kewaye tafkin, na ce duk wanda ya tsallaka zan dake shi. Yau ban je aiki ba, ina zaune ina gadi.

Injin yanzu ba kuka yake ba, gurnani yake, kuma yana warin roba mai ƙonewa.

Bangon Mma Damata ya tsage. Tsagar ta taso daga ƙasa ta nufi taga, ɗan yatsana yana shiga. Ƙasan ɗakin ta wajen gadonta ya lotsa, in ka taka kamar katifa. Na roƙe ta ta dawo wurina ta kwana. Ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na yi wa mijina wanka na ƙarshe, tsagar bango ba za ta kore ni ba." Na ce to ko gadon a matsar. Ta ce ina za a matsar da shi, ɗakin duka taku nawa ne?

Na je Nima na faɗa wa Mma. Ta ce ba a fasa ƙofar babba ba da saninsa ba, mutane za su ce na shiga neman wani abu, sunan gidanmu ne zai ɓaci. Na san gaskiya ta faɗa. Amma Kawu, duk lokacin da na ji ƙaramin yaron Sanatu ya yi dariya a tsakar gida sai na leƙa in ga ko ya kusanci tafkin.

Zan jira zuwa Juma'a. In ban ji daga gare ka ba zan fasa ƙofar. Ka yafe min tun yanzu.

Sherifa

*

Bayan Zariya
Ranar Asabar

Sherifa,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ki bar zancen idona.

Sai yau Hakim ya fita kasuwa, zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Wasiƙunki biyu tare suka shigo, a tsaye ya karanta min su. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ki fasa ƙofar. Ki fasa ta ko da gatari ne. Ki zare wayar daga bango da busasshen hannu, da takalmin roba a ƙafarki. Da na ce kada ki taɓa inji, nufina kada a kwance shi, ba wai a bar shi yana ci babu ruwa ba. Injin nan ruwa ne ke sanyaya shi. In kansa ya fito yana aiki, zafi zai narka robar da ta rufe wayarsa, wuta ta shiga ruwan. Abin da ya cije ki ke nan, babu wani aljani. Kada wani mahaluki ya sa hannu a ruwan nan, ko wuta a kashe, sai an zare wayar. Ki faɗa wa Sanatu ni na ce.

Ki nemi Ganiyu a Abossey Okai, layin masu naɗa koyil, kowa ya san shi. Shi ya haɗa min tafkin. Akwai bututun da ake zubar da ruwa ta ƙasan tafkin, ya bi gindin katanga ta wajen ɗakin Damata kafin ya fita gota. In shi ne ya fashe, duk ruwan da ya ɓace, da wanda kika ƙara, yana ƙarƙashin gadonta. Ginin ɗakin nan tsoho ne, bulon ƙasa ne aka shafe da siminti. Kada a ƙara ko kofi ɗaya. A kwashe sauran ruwan da bokiti a zubar a gota. Kifi su mutu, ban damu ba.

Ki fitar da Damata. In ta ƙi, ki kira limamin masallacin layinmu, tana jin maganarsa. In ta ƙi shi ma, ku ɗauke ta, ta zage ni in na dawo.

Jiya ce Juma'ar da kika ce. Ban san me kika yi ba. Ki amsa yau, Hakim zai zauna a kasuwa har a tashi.

Jibirilu

*

Bayan Zariya
Ranar Talata

Sherifa,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Fata kawai nake yi, don ban sani ba.

Hakim ya zauna a kasuwa ranar Asabar har masu rumfa suka kwashe. Ya koma Lahadi, ya koma jiya, bisa babur da jikinsa da bai gama warkewa ba. Ya ce wasiƙata ba ta shiga wayarki ba, in ya kira kuma a kashe take. Lambar Zenabu tana cikin wayata da na bari a ɗakin nan da na kulle. Dubi wauta.

Ba na iya cin abinci. Mai ido a ɗaure ba shi da abin kallo sai abin da ke cikin kansa. Ina ganin hannunki a jiƙe kan soket. Ina ganin yaron Sanatu ya tsallake benci. Ina ganin Damata kwance fuskarta na kallon bangon. Matar Hakim ta ce in daina kuka zai ɓata aikin, na ce mata ba ni nake yi ba, idon ne.

Na gina tafkin nan ne don in ji ƙarar ruwa in na dawo daga hayaniyar kasuwa. Shi ke nan dalilin. Ban taɓa tunanin zai zama abin da zan roƙi Allah ya kare mutane daga gare shi ba.

Duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, ko ba Sherifa ba ce, don Allah ya amsa. Ko mene ne a faɗa min.

Jibirilu

*

Nima
Ranar Alhamis

Kawu,

Wa alaikumus salam. Kowa yana raye. Na fara da wannan don ka zauna. Da wayar Sanatu nake turo wannan, ita ta samo lambar Malam Hakim a wurin Ganiyu, Malam Hakim kuma ya sake turo mana wasiƙunka biyu. Na karanta na yi kuka.

Ban jira Juma'a ba. Ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi hayaƙi ya fara fita daga injin. Na ari taɓarya a gidan Mma Damata na doki kwaɗon har ya ɓalle. Soket ɗin ya yi baƙi, da tsumma na kama na zare. Sanatu tana tsaye tana kallo, sai ta je ta kwaso yaranta ta rungume.

Sunan Ganiyu a jikin injin na gan shi, ya rubuta da fenti. Na hau trotro, motar haya, na je Abossey Okai na same shi, ya bar aikinsa ya biyo ni. Ya ce injin ya ƙone, ya nuna min inda wayar ta narke tagulla a waje. Da aka kwashe ruwan ya tona gindin katanga, bututun ya rabu a mahaɗa, saiwar bishiyar mangwaron maƙwabta ce ta ture shi. Ƙasar wurin ta zama kunu. Ya shiga ɗakin Mma Damata ya duba, ya fito da sauri ya ce kada kowa ya sake kwana a ciki.

Mma Damata ta ƙi fita. Liman ya zo bayan sallar Juma'a, ta ba shi kujera, ta saurare shi, ta ce ta gode. Da ya tafi ta koma ta zauna a bakin gado. Sai na ce mata, "Mma, kifin Kawu da suka rage suna mutuwa a baho, ni ban iya gyaran kifi ba, za su ruɓe a banza." Ta ce, "Ke da girmanki?" Ta ɗauki wuƙarta ta zagayo gidanka tana faɗa, ta zauna a kan turmi ta fara fere su tana koya min.

Ina ganin hankalinta ya tafi kan kifi sai na zame na shiga ɗakinta, na fara fitar da kaya. Na fitar da akwatinta da tabarmar salla da tukunyar koko. Na koma ɗauko katifa, na ji wani abu yana zuba kamar ana tankaɗe gari. Na ɗaga kai na ga tsagar tana buɗewa. Na yi ƙofa da gudu. Bangon ya zo gaba ɗaya, da tagar, da rabin rufin, ya kwanta kan gadon. Bulo ya samu ƙafata a bakin ƙofa. Wayata kuma tana kan katifar, shi ya sa ka ji shiru.

An kai asibiti, an sa filasta, sun ce ƙashi ne ya tsage a sama da idon sawu, zai haɗe.

Mma Damata da aka kawo ta ta ga gadon, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da wuƙar kifi a hannu, ta ce, "Nan kaina yake." Tun ranar ba ta cika magana ba. Ba ta da inda za ta, sai Sanatu ta share ɗakinka ta shimfiɗa mata a kan gadonka. Ban nemi izininka ba a wannan ma. Ƙofar da igiya ake ɗaure ta.

Ganiyu ya ce in za a sake tafkin, a sa soket a waje inda kowa zai kai, a sa wani abu mai yawo a kan ruwa da ke kashe inji da kansa in ruwa ya yi ƙasa, bututun kuma a canza masa hanya. Na ce sai ka dawo. Ni dai har yanzu in zan tsoma hannu a bokitin wanka sai na tsaya na yi bisimilla na sake yi.

Ka ci abinci, Kawu.

'Yarka,
Sherifa

*

Bayan Zariya
Ranar Juma'a

'Yata Sherifa,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillah. Na yi sujada a nan zaure har goshina ya bugi kujera.

Hakim ya karanta min a guje saboda murna. Da ya zo wurin bulo ya ce "ya samu ƙafarta". Na yi ta salati, ina cewa tsohuwa da karaya ina za ta kai. Sai daga baya na ce tsaya, ai Damata tana kan turmi tana gyaran kifi. Kuma me ya sa takardar ta fito daga Nima ba Maamobi ba? Na ce ya koma ya bi layin da yatsa. Ya bi layin. Sannan ya ce, "Ƙafata ta rubuta."

Kin ba injin da ya ƙone layi da yawa, ƙafarki kin ba ta ɗaya da rabi, kin wuce kamar kina ba da labarin wata. Zenabu tana da gaskiyar duk abin da za ta faɗa min, zan zauna in saurara.

Damata ta zauna a ɗakin har a gina nata, ni zan kwana a ɗakin baƙi. Ginin a kaina yake. Ki ce wa Ganiyu ya nemo magina su tokare abin da ya rage na rufin kafin ya faɗo wa wani, tafkin kuma ya bar shi a bushe. Ko za a sake zuba masa ruwa, ba ni kaɗai zan yanke ba, sai na zauna da ke da Damata da Sanatu.

Gobe za a kwance min idon. Na faɗa wa likita na hagun ya jira, ya yi faɗa, na ce na ji. Hakim zai rako ni har Legas ya sa ni a motar Accra. Daga tasha Nima zan fara zuwa. In kin ji sallamata kada ki yunƙura ki ce za ki tashi gaishe ni. Ki zauna inda kike, ni zan ƙaraso in durƙusa in duba ƙafar.

Kawunki,
Jibirilu